Yadda Mutanen Ingila Suka Ta Da Tsofaffinsu Daga Kwance

Mutane su kan ce tsufa ba shi da magani. Gaskiya ne, ba wanda ya taɓa komo da shekarun da suka wuce. Amma akwai abubuwa da yawa da a kan jingina wa tsufa alhali kuwa ba nasa ba ne. Wani abin yunwa ce, wani cuta ce wadda ba a duba ba, wani kuwa yawan kwanciya ne kurum. Mutanen Ingila sun daɗe ba su gane wannan ba, sai da suka yi fiye da shekara 100 suna laluben hanya, tsofaffinsu na jin jiki. Labarin da za mu bayar ke nan, tun daga gidan gajiyayyu har zuwa ga wata likita wadda ta shiga ɗakunan da sauran likitoci su ke gudu.

A cikin shekara ta 1601, wajen ƙarshen zamanin Sarauniya Alisabatu ta Farko, aka kafa doka a Ingila cewa kowace gunduma ta tara haraji daga masu gidaje da gonaki domin ta ciyad da matalautanta. Dokar nan ta ɗora wa 'ya'ya nauyin iyayensu. In tsoho ya gaza, ɗansa kuwa yana da hali, to, alƙali yana iya tilasta masa ya riƙe shi. Wanda ba shi da kowa, gunduma ta kan ba shi 'yan kuɗi, ko gurasa, ko abin hura wuta, ya zauna a ɗakinsa. Ba wadata ba ce, amma dai tsoho yana kwana inda ya saba, yana gaisawa da maƙwabtansa. Haka aka yi ta tafiya har shekara 233.

Da masana'antu suka yawaita, mutane suka bar ƙauye suka cika birane, sai masu biyan haraji suka fara kuka, wai kuɗin matalauta ya yi yawa, wai kuma taimako ne ke koya wa talaka lalaci. Saboda haka a cikin 1834 Majalisa ta sāke doka. Aka harhaɗa gundumomi, aka ce kowane rukuni ya gina babban gida guda, wanda suka sa wa suna gidan aiki. Wanda ya ke neman taimako, sai ya bar ɗakinsa ya koma can. Da gangan aka shirya zaman gidan ya fi zaman lebura mafi talauci wuya, domin kada kowa ya yi sha'awar shiga sai wanda ba shi da wata dabara. Da zuwa sai a karɓe tufafin mutum a ba shi na gida, irin guda da na kowa. A raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'ya. Masu ƙarfi su fasa duwatsu, ko su daka ƙasusuwa domin takin gona, raunana kuwa su zauna suna warware tsofaffin igiyoyin jirgin ruwa har yatsunsu su yi jini. A cikin 1845 aka tona wani abin kunya a gidan aiki na garin Andover, a kudancin ƙasar, inda yunwa ta kai mutane ga gwaguyar ruɓaɓɓun ƙasusuwan da aka ba su dakawa.

To, ga abin mamaki. An gina gidajen nan ne domin a tsorata ƙato mai ƙyuyar aiki. Amma ƙato yana da ƙafa, in ya ji wuya sai ya fita ya nemi abin yi. Wa ya rage a ciki? Marayu, da marasa lafiya, da tsofaffi. Kafin ƙarnin nan ya ƙare, gidan aiki ya zama gidan tsofaffi da majiyyata, ko da ya ke dokokinsa na horon malalata ne. Ku dubi mutumin da ya yi shekara 50 yana noma gonar wani, bai taɓa sata ba, bai taɓa bara ba, ƙarfinsa ya ƙare, sa'an nan a kai shi inda za a raba shi da tsohuwar matarsa a bakin ƙofa. A cikin 1847 an sassauta, aka ce miji da mata waɗanda suka wuce shekara 60 suna iya roƙon ɗaki guda, amma ba ko'ina aka tanadi ɗakunan ba. Tsofaffi da yawa sun gwammace su zauna da yunwa da sanyi a ɗakinsu da su ƙetare ƙofar nan. Tsoron gidan aiki ya bi jinin talakawan Ingila har bayan an rushe dokarsa.

Ba a Ingila aka fara kafa dokar fansho na talakawa ba. A Jamus ne, a cikin 1889, waziri Bismarck ya sa aka kafa doka cewa ma'aikaci ya riƙa zuba wani abu daga ladansa, maigidansa ya zuba, gwamnati ta ƙara, in ya kai shekara 70 a riƙa biyansa. Ba tausayi kaɗai ya sa shi ba, yana so ne ya janye zukatan ma'aikata daga jam'iyyar da ke hamayya da shi. Ƙasar Denmark ta bi a cikin 1891, New Zealand kuma a cikin 1898.

A Ingila kuwa wani attajiri mai jiragen ruwa, mutumin Liverpool, sunansa Charles Booth, shi ya buɗe wa mutane ido. Tun daga 1886 ya sa dukiyarsa ya ɗauki ma'aikata suna bin birnin Landan unguwa unguwa, titi titi, suna rubuta halin zaman kowane gida. Da aka gama lissafi sai aka ga kusan mutum 30 cikin kowane 100 suna cikin talauci. Ya kuma nuna cewa da yawa daga cikin waɗanda ke ƙarewa a hannun gunduma ba mashaya ba ne, ba malalata ba ne, tsufa ne kurum ya cim musu, ladan da suka samu a ƙuruciya kuwa bai taɓa isa a yi ajiya ba. Ya ba da shawara a riƙa ba kowane tsoho sule 5 a mako. Aka yi ta gardama shekara da shekaru, ana nada kwamiti ana rushewa, har 1908, lokacin da Asquith ya ke Firayim Minista, Lloyd George kuma Ministan Kuɗi, sa'an nan doka ta tabbata.

Ran 1 ga Janairu 1909 aka fara biya. Wanda ya kai shekara 70, abin da ya ke samu a shekara kuma bai wuce fam 21 ba, yana da sule 5 kowane mako. Wanda samunsa ya ɗara haka a rage masa, in ya wuce fam 31 da sule 10 ba shi da kome. Sule 20 su ne fam guda, lebura a birni kuwa ya kan sami kamar fam guda a mako, watau dai an ba tsoho rubu'in ladan lebura. An kuma gindaya sharuɗɗa: wanda aka san shi da ƙin aiki, ko wanda bai daɗe da fitowa daga kurkuku ba, ba ya samu. Duk da haka kusan mutum rabin miliyan suka karɓa a farkon biya, mata sun fi yawa.

Wani abin dariya ya faru a tsibirin Ireland, wanda a lokacin duka yana ƙarƙashin mulkin Ingila. Can ba a fara rubuta haihuwar kowa da kowa ba sai 1864, saboda haka tsofaffi ba su da takardar da za ta nuna shekarunsu. To, an yi wata babbar guguwa a daren 6 ga Janairu 1839, wadda ta yaye rufin gidaje ko'ina a tsibirin. Daga 1839 zuwa 1909 shekara 70 daidai. Sai ma'aikata suka riƙa tambayar mai nema ko yana tuna daren babbar iska, kamar yadda kakanninmu su kan ƙidaya shekarunsu da zuwan Turawa Kano a 1903. Ba sai an faɗa ba, masu tuna daren nan suka yi yawa ƙwarai.

Abin da ya fi kuɗin kansa daraja shi ne wurin biya. A gidan waya a ke karɓa, inda kowa ke zuwa sayen kan sarki, ba a gaban jami'in matalauta ba. Tsohuwa ta miƙa littafinta, a buga hatimi, a ƙirga mata, ba wanda zai tambaye ta me ta ci jiya. In tana zaune gidan 'yarta, yanzu ba baki ne kurum da a ke ciyarwa ba, tana da abin da za ta ajiye a kan tebur ran Jumma'a. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Sule 5 ɗin nan sun hana dubban mutane ƙetare ƙofar gidan aiki.

Amma kuɗi maganin yunwa ne, ba su ta da ƙafar da ta shanye. Wanda ɓarin jikinsa ya mutu, ko ƙugunsa ya karye, ko ya ruɗe, har yanzu ba shi da wurin zuwa sai ɗakin majiyyata na gidan aiki. Manyan asibitoci, inda a ke koyad da likitoci, ba su son irin waɗannan, domin suna tare gado ba su tashi. A cikin 1930 aka karɓe gidajen aiki daga hannun tsofaffin hukumominsu aka danƙa wa majalisun larduna, aka sāke musu suna. Ginin dai shi ne, gadajen su ne, mutanen da ke kwance kuma su ne.

Nan ne labarin Marjory Warren ya shigo. An haife ta a Landan a cikin 1897, ta gama karatun likita a cikin 1923, lokacin da likitoci mata ba su da yawa. A cikin 1926 ta kama aiki a asibitin Isleworth, a yammacin Landan, wanda daga baya aka sa wa suna West Middlesex, aikinta kuwa yawanci fiɗa ne. A cikin 1935 aka haɗe asibitin da tsohon gidan aikin da ke maƙwabtaka da shi, aka danƙa mata majiyyatansa, mutum 714, waɗanda an riga an rubuta cewa ba su warkewa.

Ta shiga ta tarad da ɗakuna masu duhu, an jera gadaje kusa da kusa. An cakuɗa kowa da kowa: wanda ya ruɗe yana ihu, da wanda ba ya iya riƙe fitsari, da mai hankalinsa garau wanda ba abin da ke damunsa sai rashin wurin zuwa. Da yawa sun yi shekaru ba su sa ƙafa a ƙasa ba. Gwiwoyinsu sun ƙage sun lanƙwashe, bayansu ya yi gyambo. Masu jinya ba mugaye ba ne, suna wanke su, suna ba su abinci a baki, suna gyara shimfiɗa. Su a ganinsu kirki ke nan, kuma majiyyaci a kwance ya fi sauƙin lura da wanda ke yawo.

Abin da ta fara yi ba wani abin al'ajabi ba ne, sai dai ba wanda ya taɓa yinsa a wurin. Ta bi su ɗaya ɗaya ta duba kowa, kamar yadda a ke duba saurayi in ya zo asibiti, ta tambayi labarinsa, ta rubuta ainihin abin da ke damunsa. Ashe a ƙarƙashin kalmar nan guda, tsufa, cututtuka ne iri iri, waɗansu kuwa suna da magani. Sa'an nan ta rarraba su, masu ruɗewa ɗaki dabam, waɗanda a ke sa ran tashinsu dabam, domin kada mai neman barci ya kwana kusa da mai ihu. Ta sa aka shafe bango da fenti mai haske, aka ƙara fitilu, aka kawo barguna masu launi. Aka kawad da dogayen gadaje waɗanda tsoho ba ya iya sauka daga kansu, aka kawo gajeru. Aka kafa ƙarfen dafawa a jikin bango, aka kawo kujeru masu hannu, aka ba kowa ɗan akwatin ajiye kayansa, domin mutumin da ba shi da inda zai ajiye ko tabarau nasa ya zama kaya shi kansa.

Bayan wannan sai babban aiki, watau tashi. Ta fi mai da hankali ga masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda aka yanke wa ƙafa. Yau a zaunad da mutum a bakin gado. Gobe ya kama ƙarfen ƙarshen gado da hannunsa mai lafiya ya miƙe, ya zauna, ya sāke miƙewa. In ƙafa ta fara ɗaukarsa, a ba shi sanda, ya yi taki biyu, jibi ya yi biyar. A koya masa cin abinci da hannunsa, da sa riga, da zuwa bayan gida, ko da zai ɓata rabin sa'a a kan abin da mai jinya za ta yi masa cikin minti biyu. An ce mace ce mai tsanani, ba ta ɗaukar wasa daga ma'aikata, waɗansu likitoci kuma suna raina aikin, suna ganin ba na gwanaye ba ne. Amma sannu ba ta hana zuwa. Mutanen da aka fid da rai da su suka fara komawa gidajensu, waɗansu kuma aka mai da su gidajen zama inda ba a bukatar likita kullum. A hankali gadajen nan 714 suka ragu zuwa 240, sauran aka ba masu tarin fuka.

Me ya sa kwanciya ta ke da haɗari haka? Wani likita na Landan, Richard Asher, ya rubuta maƙala a kan wannan a cikin 1947, ya bi jiki gaɓa gaɓa. Majina ta kan taru a huhu ta zama ciwon haƙarƙari. Jini ya kan daskare a jijiyoyin ƙafa. Fata ta kan mutu inda ƙashi ke danne ta. Gaɓoɓi su ƙage, ƙashi ya yi rauni, ciki ya ɗaure, zuciya kuma ta karaya. Daga baya an auna abin da ma'auni. A cikin 2007 waɗansu masana a Amurka suka kwantad da tsofaffi lafiyayyu kwana 10, suka ga a matsakaici mutum ya yi hasarar kusan kilo guda na tsokar ƙafafunsa. Yaro ya kan mai da abin da ya rasa da sauri, tsoho kuwa sai da wahala. Mu ma nan ya kamata mu lura da wannan, gama mun iya cewa, Baba, kwanta ka huta, bari a kawo maka. Ladabi ne, ba shakka, kuma akwai ciwon da sai an kwanta, wannan likita ke faɗi. Amma in Baba yana iya ɗaukar butarsa da kansa, wanda ya ɗaukar masa kullum bai yi masa gata ba.

Warren ta rubuta abin da ta gani a cikin manyan jaridun likitoci, a 1943 da 1946. Ta ce a riƙa duba tsofaffi a cikin babban asibiti inda akwai kayan bincike, kada a kai kowa gidan zaman dindindin sai an gwada iyakar abin da za a iya yi masa, a kuma koya wa ɗaliban likita wannan fanni. A cikin 1947 ita da waɗansu likitoci kaɗan suka kafa ƙungiyar masu lura da lafiyar tsofaffi, wadda har yanzu tana nan. Ɗaya daga cikinsu, Lionel Cosin, ya riƙa yi wa masu karayar ƙugu aiki yana ta da su da wuri, daga baya kuma ya buɗe asibitin yini a Oxford, inda tsoho zai zo da safe a yi masa magani da motsa jiki, da yamma ya koma ya kwana a gidansa.

Ran 5 ga Yuli 1948 aka buɗe hukumar lafiya ta ƙasa, magani ya zama kyauta ga kowa, a shekarar kuma aka soke tsohuwar dokar matalauta. Tsofaffi suka yi dafifi suna karɓar tabarau da haƙoran roba. Kada mai karatu ya raina waɗannan. A wannan shekara wani likita, Sheldon, ya buga abin da ya gani da ya bi tsofaffin garin Wolverhampton gida gida. Ya tarar abin da ke tsare mutum a ɗaki sau da yawa ƙaramin abu ne: ciwon tafin ƙafa, da tabarau wanda bai dace da ido ba, da kurumta, da jiri, da tsoron faɗuwa. Ya kuma tarar yawancin tsofaffi suna gidajensu ne, danginsu ke ɗawainiya da su, musamman 'ya'ya mata, waɗansu har lafiyarsu ta taɓu saboda nauyin. A kan ce Bature ba ya riƙon iyayensa. Maganar ba ta tsaya daidai ba, abin da ya faru shi ne hukuma ta daɗe ba ta ga masu riƙon ba, balle ta taimake su.

Marjory Warren ba ta ga ƙarshen aikin ba. A cikin 1959 Sarauniya ta ba ta lambar girma, a watan Satumba na 1960 kuwa ta rasu cikin haɗarin mota a Faransa, tana kan hanyar zuwa taron likitoci a Jamus. Shekara biyu bayan rasuwarta wani masani, Peter Townsend, ya buga littafi a kan gidajen tsofaffi 173 da aka ziyarta, ya nuna dubban mutane har a lokacin suna zaune cikin tsofaffin gine-ginen gidan aiki, gado kusa da gado.

Dokokin 1948 kuma sun bar wata ɓaraka. Sun raba magani da hidima. In cuta ce likita zai duba, kyauta ne. In kuwa wanka ne, da sa tufafi, da dafa abinci, wannan aikin majalisar gari ne, sai an auna dukiyar mutum, mai hali ya biya, har wani ya kan sayad da gidansa domin biyan kuɗin gidan tsofaffi. Yankin Scotland ya mai da irin wannan hidima ta jiki kyauta ga tsofaffi a cikin 2002, amma a Ingila kanta gwamnatoci sun yi ta alkawarin gyara suna ɗagawa. Fannin da Warren ta fara kuwa ya zama ɗaya daga cikin manyan fannonin likita a ƙasar, ya kuma bazu zuwa waɗansu ƙasashe. A Nijeriya an buɗe cibiya ta musamman domin lafiyar tsofaffi a asibitin koyarwa na Ibadan a cikin Nuwamba 2012, shekara 77 bayan ta shiga ɗakunan nan na Isleworth.